Bindigar Babana Ba Ta Bature Ba Ce

Ɗan wana ya yi wa bindigar babana ƙarya, kuma a rubuce. Ya rataye ta a falon sabon gidansa na Jega, ya sa takarda cikin gilashi a ƙarƙashinta, wai daga Ingila aka kawo ta, wai wani Baturen mulki ne ya ba kakanmu na wajen uba don jarunta. Ni da na ga ranar da bindigar nan ta shigo gidanmu ina nan da raina, ba wanda ya tambaye ni.

Da a nan aka tsaya da sauƙi. Amma zai aurar da ɗiyarsa, ya sa ana haɗa ɗan littafin tarihin gida da za a raba wa baƙi, da hoton bindigar a bango. Ranar Asabar za a kai wa mai bugawa. Ni sai da na haura arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina kama fensir awa mai kama muciya, kuma babban abin da na fito da shi shi ne tsoron takarda. Idan aka buga abu, jikoki shi za su riƙe. Tsohuwa kuwa ana binne ta da abin da ta sani.

Bari in gaya maka yadda aka yi. A Jandutsi aka haife ni. Babana manomi ne, gero da dawa da damina, albasa da rani. Innata kuwa ɗiyar maƙeri ce daga Jiga Maƙera. Wata shekara gyado, aladen dajin nan, ya dame mu, ya yi ta tone gona har Baba ya rame. Ina da kamar shekara bakwai Inna ta tafi ganin gida da ni, muka yi kwanaki.

Har yau in na ji warin gawayin ƙirya, rumfar kakana uban Inna nake gani. Zugazugi na numfashi, ƙasa baƙa ƙirin, ruwan kasko na yin ƙara in an tsoma jan ƙarfe. A jingine da bango akwai wani dogon bututu. Kaka ya ce na sitiyarin wata babbar mota ce da ta mutu kan hanyar Maiyama, ya saye shi wajen direban. Shi ya toshe gindinsa, ya huda ƙaramar kafa ta wuta. Kawu, ƙanen Inna, magidanci ne a lokacin, shi ya zauna da magagari kwana da kwanaki yana gyara kunamar. Kafin Kawu ya ɗaure bututun a jikin icce, na ga Kaka ya kifa shi, ya buga zane uku masu haɗuwa wuri ɗaya, kamar sawun zabuwa. Na ce don me zai yi ado a inda ba a gani. Ya ce, "Kalme da lauje nika sa ma alama a fili. Wagga in 'yan doka sunka gani, ni za su zo nema." Haka maƙeran wurin ke yi: alamar bindiga tana ciki, icce ya rufe ta.

Bayan girbi Kaka ya kawo ta da kansa, naɗe cikin tabarma a kan jaki. Kyauta ya ba surukinsa. Baba ya ɗura albarushi ya gwada ta bayan gari, ƙarar ta tashi tsuntsayen kuka duka.

To me ya kawo Bature? Gwaggonnina ne. 'Yan'uwan Baba mata ba su taɓa son a ce gidansu ya haɗa jini da maƙera ba. Inna in ta yi tuwo sai su duba malmala su ce ko da toka. Ni suna kirana mai baƙin hannu. Bayan Baba ya rasu, labarin bindiga ya fara sauya kaya a bakinsu, daga ta Baba ta koma ta ubansu, daga nan Bature ya shigo.

Ina zaginsu, amma ni ma ba wankakkiya ba ce. Wata ranar kasuwar Jega ina bayan babbar gwaggo, Kaka ya hango ni daga inda ya baza laujuna. Ya ɗaga kara na rake yana kirana, "Matata, zo ki karɓa." Na ga gwaggo ta taɓe baki. Na juya kai na wuce kamar ban ji ba. Bai ƙara shekara biyu ba a duniya. Inna kuma tun da muka binne ta ban sake taka Jiga Maƙera ba, yau shekara talatin ke nan ko fiye. Ba faɗa muka yi ba. Na dai bari ne, kamar yadda aka koya mini.

Jiya na je na sami ɗan wana a falon. Na ce a sauke bindigar a kwance iccen, a duba ƙarƙashi.

Ya yi dariya. "Gwaggo, mi kika sani ga bindiga? Ga rubutun Turawa nan a jikinta."

Na sa tabarau na matsa. Rubutu na nan, gaskiya ne, lambobi da 'yan baƙaƙe sun kusa shafewa. Na ce, "Lambar ƙarfen mota ce wannan. Karatuna na tsufa ne, amma ban ga sunan Baturenka ba."

"In an kwance ta ta lalace, wa zai mayar?"

"Wanda ya ɗaura ta yana nan da rai."

Sai ya daina dariya. Ya rage murya ya ce dangin angon manyan mutane ne, ba ya son a shiga tone-tone ana saura kwana kaɗan. A nan na gane ba rashin sani ke damunsa ba. Yana tsoron a kwance ne.

Na dawo gida raina ba daɗi, kuma ba shi kaɗai ya ɓata shi ba. Shekara bakwai gare ni lokacin. In aka kwance aka ga tsatsa ta cinye alamar fa? In ma tuni Baba ya sauya bututun ban sani ba? Mutum ɗaya ya rage da zai shafa kunamar nan ya san aikin hannunsa, ko da idonsa ya tafi kamar yadda na ji an ce. Kawu ne. Kuma ban san da wace fuska zan ce masa na zo ba, ni da ban je ta'aziyyar matarsa ba, sai yanzu da nake neman shaida. Yana da iko ya ce bai san ni ba. Ni na fara.

Yau da safe bayan na idar da salla na ƙulle goro da sukari a gefen mayafi, na shiga motar Aliero, buhunan albasa na matse mini ƙafa. Daga tasha na hau babur. A bakin Jiga Maƙera na ce ya sauke ni, sauran zan taka da ƙafata. Gari ya sauya, kwano ya maye ciyawa, lungunan duk sun rikice mini. Na tsayar da wata mata mai tallan fura, na gaishe ta, na tambaye ta hanyar gidan da aka haifi uwata.