Ɗigon Fensir a Kan Ƙwai

Shekara talatin da ɗaya Uwar Tsaki ta yi a gidan kaji tana juya ƙwai, tun kafin a kawo injin da ke juyawa da kansa. Kowane ƙwai sai ta yi masa ɗigo da fensir, da safe ɗigon na sama, da rana yana ƙasa, don ƙwan kaza in ba a juya shi ba, ɗan tsakon manne wa ɓawo yake yi ya mutu. Da wannan hannun ta ci da ɗanta har ya zama mai gyaran firij, yana sa mutane su ce masa Injiniya.

Da ƙafa ta gaza sai ya ba ta ɗakin da ke jikin kicin, yana yi yana gori. Matarsa kuwa kullum zancenta a kai tsohuwa wajen ƙaninta, ita ta samu wurin sa keken ɗinki.

Ana nan sai ya jajibo kiwon kunkuru. Ya turo mataccen firij har ɗakin uwarsa, wai can ne rana ba ta bugu. Ya ɗaura ƙwan lantarki biyu a ciki da 'yar fanka, ya huda ƙofar ya zura ma'aunin zafi. Ya jera ƙwan kunkuru ashirin da huɗu a wata roba cikin yashi mai danshi, kowanne ya yi masa ɗigo da fensir a sama.

Tsohuwa na ganin ɗigo ranta ya yi fari. Ta ce, "Ɗan nan, sau nawa a rana za a..."

Ya katse ta. "Iya, wannan ba kajinku ba ne, ilimi ne. Ki ji da ƙafarki."

Magana ɗaya tak ta gagare shi faɗa mata: ba a juya ƙwan kunkuru. Ɗan yana kama ɓawo ne tun kwanakin farko, ana kifa shi ya mutu. Ɗigonsa na "kar a taɓa" ne, nata na "juya". Ya yi wa matarsa bayani, ya yi wa mai wanki, amma uwar da ta haife shi ba ta kai ba.

Kullum ya fita shago sai ta ja jiki, ta wanke hannu, ta shiga juyi, kafin ya dawo ta mayar da ɗigo sama. Tana cewa a ranta, ran da suka ƙyanƙyashe za a san amfanin tsohuwa a gida, zancen ƙani ya mutu. Matar ta sha ɗaga labule ta gan ta. Abin da take cewa kawai, "Sannu da aiki, Iya." Kwana ashirin da ɗaya na ƙyanƙyasar kaza ya wuce shiru, sai tsohuwa ta ƙara juyin ya koma sau biyar.

A sati na bakwai firij ya fara wari. Injiniya ya haska ƙwan da tocila ɗaya bayan ɗaya, ba ko jijiya. Ya zauna daɓas.

Tausayinsa ya kama ta. "Ƙwan ne aka cuce ka, ɗan nan. Ni dai ban taɓa fashin juya su ba."

Ya ɗago a hankali. "Kika yi me?"

Bai yi ihu ba, da ma ihun ya yi. Robar ya ɗora mata a cinya, ya ce ta fasa su da kanta, tunda ita ce gwana. Ta fasa ashirin da huɗu, matar na tsaye ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Shekara talatin da ɗaya kina juya ƙwai," in ji shi, "kan naki ne ba a taɓa juyawa ba."

Da hantsi washegari mai a-daidaita-sahu ya zo kai tsohuwa wajen ƙaninta. Aka ɗora mata jakarta a cinya, har yanzu zaninta na wari. Ba ta nemi komai ba, sai da za a ja ta leƙo ta ce, "Na gaba, sau nawa ake juya su?"

Matar tana ciki tana jan keken ɗinki zuwa inda katifar tsohuwa take a da.