Furannin da Ba a Rataya Ba

Auta, 'yar yayata, ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce shi. Tun tana 'yar shekara biyar, in muka je gidan mutane, kafin a gama gaisawa ta jera musu takalman bakin ƙofa, dama da hagu. Na sha dungure mata kai a kan wannan hali, bai hana ba. Ni ce ƙanwar uwarta, ni ce kuma mai baki a gidanmu. Abin da kowa ya haɗiye don kunya, ni nake faɗa, kuma a da har alfahari nake yi da hakan.

Da ta girma sai aiki ya zo daidai da hali. Shekararta tara ke nan a gidan buga littattafai, ita ce a kan injin yankan takarda. Za ta ɗauko tarin takardu ta buga gindinsu a tebur, ta bi gefen da babban yatsa, ta ce wannan ya fita da kaurin gashi. A auna, a tarar haka ne. Maigidan wurin yakan ce in rula ta yi gardama da idon Auta, rular zai jefar. Ba ta da surutu, ba ta damu da kwalliya ba, yatsunta duk tabon yankan takarda ne.

Hannun kuwa gado ne. Uwarta, wato Yaya, ta yi shekara talatin tana yin furen takarda. Bikin aure, yaye ɗalibai, buɗe sabon shago, duk wurinta ake zuwa. Takan yanke ganye goma sha biyu, ta lanƙwasa bakin kowanne da bayan almakashi, ta naɗe su a jikin siririyar waya, ta ɗiga gam a gindi. Da wannan sana'a ta raini 'ya'ya huɗu bayan rasuwar mijinta, ba ta taɓa zuwa ƙofar kowa ba.

Shekara uku da suka wuce hannunta ya fara rawa. Da fari kofin shayi ne ke ƙara a kan faranti, muka yi kamar ba mu ji ba. Likita ya ce magani yana ragewa, ba ya warkarwa. Idon ma ya yi rauni, abu sai ta kawo shi dab da hanci. Masu kawo aiki suka janye ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya faɗa mata dalili. Ta naɗe almakashinta a tsumma ta sa a durowa, ta rage magana, ta rage fita.

Sai ga maganar auren Auta da mai gyaran injin wurin aikinsu, mutum mai sanyin hali. Ranar da aka tsayar da lokaci, Yaya ta buɗe durowar nan.

"Na yi wa 'ya'yan mutane ado shekara talatin," in ji ta. "Na autata ba mai taɓa shi sai ni."

Wata huɗu ta yi a kan teburin falo, gefen taga. Takan danne tsintsiyar hannunta a bakin tebur don rawar ta lafa, ta yanka, almakashi ya zame, ta sake. Furen da a da take yi kafin ruwan shayi ya tafasa, yanzu sai ya ci mata awa guda. Amma ta dawo da cin abinci, ta dawo da tsokanar jikoki. Rabon da in ji Yaya tana 'yar waƙa a ƙasan maƙoshi har na manta.

Da kwalin farko ya cika, muka buɗe shi ni da Auta a ɗakina. Ganyen wani ya fi wani tsawo, gam ya yi dabbare-dabbare, wasu sun sunkuyar da kai kamar kajin da ruwa ya doka. Auta ta ɗauki ɗaya, yatsunta suka fara gyara shi ba tare da ta sani ba.

"Wannan ba za a rataya shi gaban dangin miji ba," na ce. "Dariya za a yi mata, ba ke ba."

"Inna, in na hana ta, na kashe ta."

"Wa ya ce ki hana ta? Ki karɓa ki yi godiya. Ke ba hannu gare ki ba?"

Ta dube ni, ta mayar da furen cikin kwali. Ni na kawo shawarar, ba zan ɗora wa kowa ba.

Daga nan duk ranar Litinin sai ta ɗauki kwalin da uwarta ta cika, ta ce za ta ajiye a wurin aiki saboda jikoki masu ɓarna. Can sai ta tura shi sito, bayan injin. Lokacin hutun rana, abokan aiki suna cin abinci, ita tana yanka takarda iri ɗaya, launi ɗaya, tana yin sabo a madadin kowane fure. Ta rame a watannin nan, mutane suna ta tsokanarta wai zumuɗin aure ne.

Ranar biki da sassafe muka je ɗakin taron da aka kama. Ni da yayyenta mata biyu muka hau tsani, muka zagaye bango da furanni, muka lanƙwasa wasu kamar baka a bayan kujerar amarya da ango, muka sa uku-uku a kowane tebur. Da aka kunna fankoki sai suka riƙa motsi a hankali. Gaskiya wurin ya yi kyau. Ragowar takarda da waya da almakashi na tattara a kwali na tura ƙarƙashin teburin gaba, na ce zan kwashe daga baya, na manta.

An kawo Yaya bayan mutane sun fara cika. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta ɗaga kai, ta daɗe tana kallo da idon nan nata mai hazo. Ta kama hannuna, na ji nata yana karkarwa a cikin nawa.

"Ashe daga nesa sun fi kyau," ta ce. "Ƙanwata, ashe hannun nan bai mutu ba."

Na ce mata ai dama na faɗa. Na ji daɗi, na kuma ji kunyar kaina, duk a lokaci guda.

Auta tana can gaba a kujerarta, cikin riga mai nauyi, an yi mata kwalliyar da ta sa ba ta kama da kanta. Amarya ba ta da ikon tashi yadda take so, ido duk a kanta yake. Daga baya ta gaya mini ba ta ji kiɗan ba, ba ta san me aka ajiye mata a faranti ba. Uwarta kawai take kallo. Yaya kuwa, wadda ta yi shekara uku tana ɓoye hannu a cikin mayafi, ga ta tana bin tebur-tebur. Duk wanda ya yaba adon sai ta ce, "Da hannuna na yi, ɗaya bayan ɗaya." Har ta fara gaya wa wata tsohuwar mai kawo mata aiki cewa ta dawo sana'a.

Yayar ango malamar makaranta ce, mace mai fara'a, ba ta da mugun nufi ko kaɗan. Ƙafarta ce ta taɓa kwalin da na manta. Ta leƙa, ta ga takarda da almakashi.

"Mama, don Allah ki nuna mana yadda ake yi," ta ce wa Yaya. "Ko guda ɗaya, in koya wa ɗalibaina."

Na taso da sauri na ce ai yau ranar hutu ce, a bar baiwar Allah ta sha iska. Yaya ta ture hannuna tana dariya, ta ce in bar ta, ni dama tun muna yara ba na son a yabe ta. Mata suka yi dariya, suka ja mata kujera, suka kewaye ta.

Ba zan manta da mintocin nan ba. Ta danne hannunta a bakin tebur kamar yadda ta saba, amma hayaniya da idon mutane suka ƙara wa rawar ƙarfi. Almakashi ya ci gefen ganye. Gam ya zuba a kan shimfiɗar tebur. Ba ta tsaya ba, ta lanƙwasa, ta naɗa, ta murɗe waya, gumi yana bin wuyanta. Da ta gama ta ajiye shi kusa da ukun da ke tsakiyar tebur. Mata suka dubi nata, suka dubi ukun. Wata daga baya ta ce a hankali, amma ba a hankalin da ba za a ji ba, "Ai wannan ba hannu ɗaya ba ne."

Yaya ta ɗauki ɗaya daga cikin ukun, ta kawo shi dab da idonta. Wannan ne karo na farko da ta ga adon daga kusa. Ta juya shi, ta shafa gindinsa, ba ɗigon gam ko ɗaya da ya fita. Ta ɗauki na biyu, ta ɗauki na uku. Sannan ta ɗaga kai ta dubi can gaba, inda 'yarta take zaune. Auta ta yunƙura za ta tashi, mai hoto ya ce amarya ta zauna ta yi murmushi, ango ya matso. Hoton yana nan, ba a sa shi a bango ba.

"Ku yi haƙuri," in ji Yaya ga matan, muryarta ba ta rawa ko kaɗan. "Na yi muku ƙarya ban sani ba. Aikin 'yata ne. Ita za ku yaba."

Ta mayar da hannunta cikin mayafi ta koma kujerarta. Ba ta tafi gida ba. Ta zauna har aka tashi, tana amsa gaisuwa, tana sa albarka. Da ta yi faɗa, da ta zage ni, da na fi samun sauƙi.

Da yamma, a ƙaramin ɗakin baya inda amarya ke canza kaya, Yaya ta shigo ta rufe ƙofa. Mu uku ne kawai.

"Guda nawa ne nawa a ciki?"

"Yaya, ni ce na—"

"Ke na san ki. Da ita nake."

Auta tana tsaye, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. "Ko ɗaya, Mama."

"Ko a bayan ƙofa?"

Auta ta girgiza kai. Kwalliyar fuskarta ta fara narkewa.

"To. Ki share idonki, mijinki yana jira. In kin huta ki kawo mini kayana."

Haka ta tafi gidan miji. An ce garin gyaran gira ake rasa ido, ni dai ban taɓa ganin inda maganar ta zauna daram kamar ranar ba, kuma ni na miƙa tsinken.

Hutun mako guda aka ba ta. Ranar da ta koma aiki, kafin ta ajiye jaka ta wuce sito. Wurin fes, an share. A gidan buga littattafai, duk ƙarshen wata ake kwashe guntayen takarda a bai wa masu niƙawa, kuma ƙa'idarsu ita ce duk kwalin da ba rubutu a jikinsa shara ne. Auta ta fi kowa sanin wannan, ita da ko kwalbar gam sai ta manna mata suna. Kwalayen furannin uwarta ne kaɗai ba ta rubuta wa komai ba, don kada a tambaye ta mene ne a ciki. A watannin baya ita take kawar da su in an zo kwasa, wannan karon aka zo tana hutu.

Ta zo gidana da takarda da almakashi a jaka, ta zauna a ƙasa, wai za ta yi wasu karkatattu ta kai wa uwarta a matsayin nata. Tana yi tana girgiza hannu da gangan, amma duk wanda ta gama sai ya fito tsaf. Na ƙwace almakashin.

"Ya isa. Ƙarya ɗaya ta ishe mu. Tashi mu je."

Mun sami Yaya a falo, teburin gefen taga ba komai a kai. Auta ta durƙusa ta faɗa mata, ba ta rage ba, ba ta yi kwana ba. Yaya ta saurara har ƙarshe, hannunta yana ta rawa a cinyarta, wannan karon ba ta ɓoye shi ba.

"Ba komai," ta ce. "Takarda ce, dama ba ta daɗewa." Ta juyo wajen Auta. "Akwai wani jan fure a kwali na uku. Ranar hannun ya lafa mini, na ga kamar ya fito irin na da. Ni ba na gani sosai, shi ya sa na ce ke za ki gaya mini. Kin gan shi?"

Na zuba wa Auta ido, ina roƙon Allah a zuciyata ta ce e. Ni da na ce ƙarya ta isa, ni ce nake so ta ƙara guda.

"Ban gan shi ba, Mama," ta ce. "Daga kwali na biyu na daina buɗewa."