Mutumin Taragon Ƙarshe

Jiya 'yata ta nuna mini hoto a wayarta: wani tsohon taragon jirgin ƙasa da ake gyarawa don ɗaukar masu yawon buɗe ido. An kankare tsatsa, an shafa jan fenti. Taragon ƙarshe ne, irin wanda surukina, mahaifin mijina, ya yi aikin gadin jirgi a ciki kafin ya dawo Zuru, inda ko layin dogo babu.

Har ya rasu, in ana tafiya a ƙafa, shi ne a baya. Yakan ce aikinsa ke nan.

Wata kaka muna dawowa daga gona, kowa da damin dawa a ka, ni kuma ga tsohon ciki. Jiri ya kwashe ni a hawan dutse, na durƙushe cikin ciyawa, kunya ta hana ni kira. Na gaba suka yi nisa, ba wanda ya waiga. Sai na ji takunsa, da warin man zafin da yake shafa wa gwiwa.

Ya ce, "'Yata, kawo damin. Ba mu isa gida ba sai kin isa."

Ya aza a kansa, ya sa ni gaba.

Ya Allah, bai taɓa barin kowa a hanya ba. Kada Ka bar shi a baya.