Kaset ɗin da Larai Ta Shanya

Baba Ɗanliti manomin gyaɗa ne a Makoda, amma da kallo aka fi saninsa. Tun yana saurayi ya sayo bidiyo da ɗan janareta, ya kafa rumfar kallo a ƙofar gidansu. Idan fim ya ƙare, ba ya barin mutane su watse sai ya faɗi ra'ayinsa. "Wanda ya shirya wannan ya san yunwa," in ji shi. "Ku duba yadda jarumin ke cin tuwo, ko ɗaga kai ba ya yi." Finafinan Indiya kuwa ko kalma ɗaya ba ya ji, daga tafiyar mutum yake gane mugu. Har zanen yara na talabijin yakan yaba. Ya ce masu zanen zamanin da mutane ne masu haƙuri, sukan bar dabba ta tsaya ta yi tunani kafin ta ruga.

Da waya ta shiga hannun kowa, rumfar ta mutu, bidiyon ma ya lalace. Ya zuba kaset ɗinsa a akwatin ƙarfe ya tura ƙarƙashin gado. Ɗaya ne a ciki bai taɓa ba da aro ba, wani fim da samarin garin suka haɗa kai suka yi, inda ƙanensa Mani ya fito a makiyayin da aka sace wa shanu. Mani ya rasu bayan fim ɗin da kaɗan, ya bar jaririya, Fadima. Babu hotonsa ko ɗaya. Fadima ta girma, ta yi aure a Bacirawa, kullum Ɗanliti yana cewa zai gyara bidiyon ya nuna mata babanta.

A shekarar ambaliya, ga tsadar abinci ta hana kowa sakat, ruwa ya wuni yana zuba har bangon ɗakinsa ya zube. Ba a rasa rai ba, amma har yau idan hadari ya haɗu mutanen unguwar ba sa iya zama a ɗaki. Washegarin ruwan Ɗanliti ya tafi gona ya ga abin da ya rage. Matarsa Larai ta tono akwatin daga cikin laka, ta ga kaset duk sun jiƙe. Sai ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta shanya su, tana juya su kamar gyaɗa.

Da la'asar ya dawo ya tarar duk sun lanƙwashe. Ya ɗauki na Mani.

"Larai, me kika yi haka?"

"Shanya mana. In bar su su yi funfuna?"

"Roba ce fa! Ana shanya roba a rana?"

"To Malam, bokitina kullum a rana yake, bai taɓa cewa komai ba."

Da safe ya ɗauki kaset ɗin ya hau babur ɗin haya zuwa Bacirawa, wurin Sama'ilu mai gyaran rediyo.

"Baba, wannan ai an soya shi," in ji Sama'ilu. Ya kwance shi, ya yanke farkon zaren da ya manne, ya goge sauran a hankali ya mayar cikin wani gidan kaset. Ya jawo tsohon bidiyo daga ƙarƙashin tebur. Ɗanliti ya aika a kira Fadima, sannan ya yi da-na-sani, don in kaset ɗin bai yi ba, a gabanta za a sani.

Ta iso da goyonta. Talabijin ta yi ta hazo da layi-layi, Ɗanliti ya sunkuyar da kai. Can sai ga kukan saniya, sai ga Mani da sanda a kafaɗa yana ratsa gonar dawa. Ɗanliti ya sulale ya zauna a ƙasa, yana ta hamdala.

Fadima ta matsa har goshinta ya kusa taɓa gilashin.

"Baba, ashe ɗingishi yake yi?"

"Ina! Takalmina ya ara, ya matse shi," in ji Ɗanliti, yana dariya yana share ido. "Sama'ilu, ɗan mayar mata baya."