Kyamarar Da Ta Sa Mama Sauri

Shekara arba'in Baba yana gyaran agogo a ɗan shagonsa, amma akwai abu ɗaya da ya ƙi gyarawa: kyamarar fim da ya saya a gwanjo tun yana ango. Irin wadda ake wanawa da hannu ce. Maiƙon cikinta ya daskare, don haka takan yi nauyi kafin ta tsaya, idan kuma aka haska fim ɗin a bango sai mutanen ciki su kama gudu-gudu.

Marigayiya matarsa kuwa nawa gare ta, shayi kan huce kafin ta tsallake tsakar gida. Amma a fim, ga ta nan da faranti kamar an biyo ta.

Ranar da 'yarsa ta zaro kyamarar daga ƙarƙashin gado don ta ɗauki 'ya'yanta, ta ce, "Baba, aikin minti goma ne fa a wurinka."

Ya goge gilashin, ya hure ƙura, ya wana ta, ya kara a kunne har ta yi shiru.

"Bar ta haka," in ji shi. "Ita kaɗai ta taɓa sa uwarki sauri. Ni har ta tafi ban iya ba."