Baƙon da Badaru Ya Kai Gidan Udoka

Duk wanda ya taɓa sayen albasa a kasuwar Ose Okwodu ta Onitsha ya san rumfar Baba Badaru, ko da bai san sunan mai ita ba. Tana can ƙarshen layi ta wajen kogi, inda iska ke shigowa ta rage wa mutum warin buhunan da suka fara gumi. Dattijo ne siriri, mai ɗan farin gemu, ba ya ɗaga murya ko da ana sauke kaya.

A Onitsha aka yanke masa cibiya. Mahaifinsa mutumin Yelwa ne, ya biyo jirgin ruwa da albasa tun ba a gina gada ba, ya ga wuri ya zauna. Don haka Badaru ya tashi da Hausa a cikin gida, Ibo a bakin ƙofa. Abokin wasansa Udoka ne, ɗan mai doyan da ke kallon rumfarsu. Tare suka koyi iyo, tare suka sha bulala saboda shi.

Da ƙasa ta rikice, mahaifin Udoka ne ya raka su Badaru har bakin ruwa, bai juya ba sai da jirgi ya tashi. Bayan yaƙin basasa suka dawo suka tarar da kasuwa ta zama toka. Mahaifin Udoka ya rame, ya binne 'ya'ya, amma ya kafa sanduna a gurbin rumfar maƙwabcinsa, ya hana kowa ɗora ko kwando a wurin. Gidajen biyu ba su taɓa zama sun yi wannan zance ba. Badaru dai ya girma da sanin cewa akwai ƙofar da ba ya zuwa da roƙo.

Ban da albasa, yana da wata sana'a da ba a biyansa, wato tafinta. In rigima ta tashi tsakanin direban Arewa da 'yan dako, shi ake nema. Ka'idarsa guda ce, kowa ya san ta: abin da ka faɗa shi zai faɗa, ba ƙari ba ragi. In ka yi zagi zai isar da zagin, sai dai ya sunkuyar da kai.

Udoka kuwa ya bar doya ga 'ya'yansa, ya zama Mazi Udoka, dattijon unguwa. A shekarar da wannan abu ya faru, jam'iyyarsa ta zaɓe shi daliget, wato cikin mutanen da za su je Abuja su fitar da ɗan takarar shugaban ƙasa.

Ana dab da zaɓen fitar da gwanin, Sarkin Hausawa ya aika aka kira Badaru. Ya ce wani attajirin Kano, Alhaji Abdulhafiz Indabawa, mai injinan casar shinkafa da tireloli, ya sayi fom ɗin takara ana shirin rufewa, yanzu yana zagayen daliget na Gabas. An gaya wa Alhajin ba mai shigar da shi gidan Mazi Udoka kamar Badaru. Motocin Alhajin ne kuma ke kawo wa rabin layin albasa kaya. Badaru ya dubi tabarma. Kunya ta hana shi cewa a'a, ya ce, "To, ranka ya daɗe."

Da ya koma gida, matarsa Rahinatu ta ga tuwon bai ragu ba.

"Malam, miyar ce ko kasuwar?"

Ya gaya mata. Ta ce, "To mene ne a ciki? Kai shi, ka fassara, ka dawo."

"Ba haka abin yake a wajensu ba. Wanda ya kawo baƙo shi ne jinginarsa. In Udoka ya yi masa alkawarin ƙuri'a, don fuskata ya yi. Mutumin nan kuwa bara war haka ko sunansa ba a ji a siyasa ba. In ya janye a filin zaɓe, Udoka ya saki na hannu, bai kama na sama ba. Wanda ya ci zai riƙe shi a rai, mutanen garinsu su yi ta masa dariya, su ce Bahaushensa ne ya sayar da shi."

Rahinatu ta ce, "To ka tambaye shi mana. Ai attajiri ma baki gare shi."

Washegari da hantsi motar Alhaji ta ɗauke shi a Head Bridge, wato bakin gada. Ya zaci zai ga ƙaton mutum mai tsawa, sai ya ga magidanci mai ido ja saboda rashin barci, wanda ya cire tabarau ya gaishe shi da hannu biyu, ya tambayi iyali da kasuwa. Okada, wato 'yan acaɓa, na ta kutsawa ta ko'ina, mota na tafiyar hawainiya. Badaru ya gyara murya.

"Alhaji, ka yi mini afuwa. Mu a kasuwa, in an kusa sallama kaya wani ya faɗo da tayi, mukan so mu sani, saye zai yi ko tayar da farashi. Kai wanne ne?"

Alhaji ya yi dariya, dariyar da ba ta daɗe ba. Ya dubi direba, ya rage murya.

"Baba, ka san sa hannun mutum ɗaya a Abuja zai iya kashe injinana duka? A buɗe iyaka yau, shinkafar waje ta shigo, gobe in sallami ma'aikata. Mai dukiyar da ba shi da wurin zama a inda ake yanke magana, akuyar kowa ce. Na yi shekaru ina ba 'yan takara gudummawa. In sun ci, sai in yini a ɗakin jira. Amma in kai ma ɗan takara ne, da daliget ko kaɗan a hannunka, babban ɗan takarar shi zai kira ka da kansa. Ka janye masa a gaban jama'a, ya rungume ka, ba zai manta ba."

"Me ya sa sai yanzu?"

"Wanda ya fito da wuri shi ake jifa. Kuma sai ruwa ya kwanta ake ganin babban kifi. Wasu ma cikinmu turo su aka yi su raba wa wani ƙuri'ar yankinsa. Ni dai ba wanda ya turo ni." Ya ƙara da cewa, "Kuma kada in ɓoye maka, wata safiyar in na ga hotona a bango, nakan ce me zai hana? Tsohuwata ta sa an manna mata shi a ɗaki. Baba, wannan tsakaninmu ne, amana."

Badaru ya juya ya dubi titi. Da ma bai tambaya ba.

A ƙofar gidan Udoka, mutanen Alhaji suka fara sauke huhun goro, manyan farare da jajaye, irin na kai gaisuwa gidan surukai. Badaru ya ce a hankali su mayar. A nan mai gida ne ke ba da goro, kuma ba namu mai ɓari biyu ba. Nasu ƙarami ne, mai ɓari uku, huɗu ko fiye, shi ake wa addu'a. Ya ƙara da cewa mahaifinsa ma ya taɓa yin wannan kuskure, aka yi shekara ana tsokanarsa. Alhaji ya yi murmushi, ya bi shi.

Udoka ya fito da jar hula da sanda, ya tsufa fiye da abokinsa. Ya ce da karyayyar Hausarsa, "Mai albasa, yau ka yi wanka."

"Saboda gidan mai doya zan zo, kada ƙasa ta rasa inda za ta zauna," in ji Badaru.

Aka zauna. Udoka yana jin Turanci sarai, amma ya ce Turanci na kotu ne, magana mai nauyi da harshen uwa ake yin ta. Kowa ya yi nasa, Badaru ya haɗa. Aka kawo goro a ƙaramin akushi. Bai tafi wurin Alhaji kai tsaye ba. Udoka ya miƙa wa Badaru, Badaru ya nuna wa baƙo, sannan ya dawo ta hannunsa, don duk wanda ke ɗakin ya shaida ta wace ƙofa baƙon ya shigo. Udoka ya roƙi Allah tsawon rai da zaman lafiya, ya fasa, aka ci.

Alhaji ya miƙe ya yi jawabi. Ya yi maganar hanyoyi, da tashar jiragen ruwa, da haɗin kan ƙasa. Ya iya magana. Badaru ya bi shi jimla bayan jimla, bai rage ko ɗaya ba, idonsa na kan takalminsa.

Udoka bai kalli mai jawabin ba, abokinsa yake kallo. Da aka gama, ya jingina sanda ya ce da Ibo, murya ƙasa, "Ɗan'uwana, ban san mutumin nan ba, kai na sani. Zai kai ƙarshe? In ka ce zai kai, ƙuri'ata tasa ce."

Ido ya koma kan Badaru. In ya ce eh, ya ci amanar gidan da ya tsare musu gurbi. In ya ce a'a, ya tona abin da aka ba shi ajiya ɗazu a mota. Sai ya juya ga Alhaji, ya yi abin da ya saba yi tun yana saurayi.

"Alhaji, ya ce: Ɗan'uwana, ban san mutumin nan ba, kai na sani. Zai kai ƙarshe? In ka ce zai kai, ƙuri'ata tasa ce." Sannan ya ƙara da ta bakinsa, "Ni aka tambaya. Amma amsar taka ce, ba tawa ba."

Ɗaya daga cikin mutanen Alhaji ya yunƙura zai yi magana, Alhaji ya ɗaga masa hannu. Ya dubi tsofaffin nan biyu, ɗaya da jar hula, ɗaya da zanna bukar da ta sha wanki. Sannan ya ce wa Badaru:

"Baba, gaya masa da wuya in kai. Gaya masa ina neman abin da zan riƙe ne in shiga ɗaki da shi. Kada ya saki wanda yake tare da shi saboda ni."

Badaru ya faɗa da Ibo, ba ƙari ba ragi.

Udoka ya gyaɗa kai a hankali, sannan ya fashe da dariya har da tari. Ya ce tun da aka fara wannan kaka ta siyasa attajirai ke sallama a ƙofarsa, kowa na rantsuwa sai ya ga abin da ya ture wa buzu naɗi, shi kuma yana jin su ne kawai. Ya ce ƙuri'arsa tana inda take, ba zai bayar ba. Amma duk ranar da motar Alhaji ta sami matsala a wannan gefen gada, a zo a buga masa ƙofa. Ya sa aka kawo abinci, ya tsaya a kan sai an ci, ya kuma rantse naman daga mahautan Hausawa aka sayo.

Alhaji ya janye a filin zaɓe, kamar yadda ya faɗa. Ko an kira shi ɗakin, ko ba a kira shi ba, labarin bai iso layin albasa ba. Motocinsa dai ba su fasa zuwa ba.

Ranar da Udoka ya dawo daga Abuja, okada ta sauke shi a bakin kasuwa. Ya tako da sandarsa har ƙarshen layi, ya ture wani kwando, ya zauna a kan benci yana haki. Ya ɗauki albasa guda, ya matsa ta, ya shinshina.

"Wannan ta fara ruɓa, mai albasa."

"Hancinka ne ya tsufa," in ji Badaru. Ya matsa masa ya shigo inuwa sosai, ya aika a kawo shayi kofi biyu, ɗaya ba sukari.