Zabon da Na Ce Na Gani

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Wannan ita ce takarda ta huɗu. Uku na farko na yayyaga su, ɗaya ma sai da na jefa ta a murhu don kada jikokina su tsinta. Karatuna bai wuce na firamare ba, ni tela ne, kuma ina tsoron in rubuta abin da zai taɓa mutuncin mutumin da ba ya raye balle ya kare kansa. Abin da ya sa na daure yanzu shi ne maƙwabcina a nan Albarika, cikin Parakou, ya sayo zabi yana kiwo. Kullum da sassafe macen takan hau katanga ta yi ta kira. Iyalina suna cewa ta cika surutu. Ni kuwa da na ji ta sai in ture kokon da nake sha gefe.

An haife ni a Djougou, a gidan 'yan goro. Kakannin kakanninmu da ayari suka zo suka zauna, kuma duk namijin gidanmu a kasuwa ya tashi, in ban da mutum ɗaya, kakana na wajen uwa, wanda muke kira Baba Tsoho. Shi daji ya fi so. Tun yana saurayi ya yi abota da wani maharbi, mutumin ƙauye, ya koyi harbi a hannunsa. Yana da gona wajen Pélébina, da 'yar bukka, da tsohuwar bindiga irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ba shi da takardarta. A shekarun nan da ƙasarmu ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba, kowa na tsoron jandarma, wato 'yan sandan karkara, a kan maganar bindiga, don haka a cikin tabarma yake naɗe ta in zai fita.

Farautarsa ta zabin daji ce, kuma lokacinta ƙarshen bazara, in ruwan farko ya sauka. Da rani zabi a garke suke yawo, ba ka isa ka matso su ba, ɗaya ya gan ka duk sun gan ka. Amma da ƙasa ta jiƙe, sabuwar ciyawa ta fara leƙowa, shinge ya fito daga suri, sai garken ya watse, kowane namiji ya shiga neman mace. A nan ne ake samunsu. Ba a binsu, kiransu ake yi. Kukan macen daban yake da na namijin. Ita gaɓa biyu take yi tana maimaitawa, shi kuwa wani irin ƙyaƙ-ƙyaƙ ne da sauri. Mutum zai ɓuya ya yi kukan mace, namijin ya taho da ƙafarsa har inda bindiga za ta kai.

Baba Tsoho ya iya wannan kira, an ce babu kamarsa. Amma haƙoransa na gaba suka zube, iska ta riƙa kuɓuce masa. Idonsa kuma ya fara hazo.

"Kai da kake kira su zo, yanzu in ka buɗe baki har kajin gida gudu suke yi," in ji kakata. "Ka bar wa mijina ƙarami, ni dai ya fi ka murya."

Ni take nufi. Ina da shekara goma sha ɗaya, muryata ba ta fashe ba. Wata rana ina kwaikwayon zabuwa a bayan gida don wasa, ya tsaya ya saurara, ya ce in sake. Daga nan ya shiga koya mini. Yadda zan dunƙule hannuwa a baki, yadda zan juya fuska ƙasa don kiran ya yi kamar daga nesa yake, da kuma abin da ya fi wuya, wato yin shiru. Ya ce yawancin masu kira ba su san tsayawa ba. Zabuwar gaske takan yi kira ta tsaya ta tsinci abinci, ta manta, sannan ta sake.

A hutun lakwal na lokacin, wato hutun makarantar boko, ya tafi da ni gona. Ban taɓa jin daɗin duniya kamar kwanakin nan na farko ba. Mukan yi sallar asuba mu fita, raɓa ta jiƙa mini ƙafa har gwiwa, ƙasa na ƙamshin ruwa, ɗorawa ta saki 'ya'ya suna reto. Mukan zauna a gindin kaɗanya mu jingina, shi a dama ni a hagu. Aiki a rabe yake. Ni ne baki, ni ne kuma ido. In na ga namijin ya shigo, in taɓa gwiwarsa in nuna da yatsa. Shi ya yi bisimilla ya harba. Ni kuma in ruga da wuƙa in yanka kafin rai ya fita, domin ba ya yarda a ci wanda ba a yanka ba.

Dokokinsa biyu ne. Ba a harbin mace a wannan lokaci, tana ɗauke da ƙwai. Kuma ba ya harbi don ya ji kuka ko ciyawa ta motsa, sai na ga tsuntsun da idona. Kullum kafin ya ɗaga bindiga sai ya raɗa mini, "Ka gan shi?"

Mun samu biyu a makon farko. Daga nan muka yi kwana huɗu babu ko gashi. Kakata ta aiko da saƙo ta bakin mai kawo mana gari, wai a gaya wa mijinta ƙarami in bai kawo nama ba za ta koma wa tsohon. Wasa ne, na sani. Amma a lokacin ya tsaya mini a rai, ga shi saura kwana biyu in koma gida.

A safiya ta biyar muka sauya wuri, muka gangara kusa da wani rafi inda ciyawar bara ba ta ƙone ba, ta yi tsawo. Na yi kira sau uku na yi shiru. Sai aka amsa daga ƙetaren wani suri. Kukan mace ne.

"Mace ce," in ji Baba Tsoho. "Rabu da ita."

Na ce ai wataƙila namiji na biye da ita. Ya ce to, in ci gaba kaɗan. Ina kira ana amsawa, ina kira ana amsawa, kuma amsar tana matsowa. A nan akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Na lura kiran ya cika tsari. Da na rufe baki ake amsa mini, ba a tsayawa, ba a mantawa. Abin ya ɗan taɓa zuciyata, amma ban tsaya na yi tunaninsa ba, domin a daidai lokacin na ga wani abu baƙi a cikin ciyawa, yana sunkuyawa yana ɗagowa kamar tsuntsu mai kiwo.

Na taɓa gwiwarsa na nuna.

"Ka gan shi?"

"Na gan shi."

Ya ɗaga bindigar, sai kuma ya ɗan sauke. "Namiji ne? Ka ga kansa?"

"Na gani, Baba. Namiji ne."

Ban ga zane-zanen gashin zabo ba. Ban ga ƙahon nan na kansa ba. Baƙin abu kawai na gani yana motsi.

Ya harba. Hayaƙi bai gama washewa ba na riga na ruga da wuƙa a hannu, kamar yadda na saba. Na tsallake surin, sai ga mutum kwance a gefensa. Saurayi ne, ba riga a jikinsa, da kwari da baka kusa da shi. A goshinsa an ɗaure kan burtu, wato itacen da ake sassaƙawa kamar kan wannan babban baƙin tsuntsu, maharba su ɗaura su yi rarrafe don dabbobi su ɗauka tsuntsu ne. Shi ma kira yake yi. Ni yake kira, ni kuma ina kiransa. Jini na fita ta gefen wuyansa da kafaɗar hagu, rabin fuskarsa ya rufe da jini. Da idon da ya rage ya dube ni, ya dubi wuƙar da ke hannuna, ya ja jiki baya. Har yau wannan ja da bayan ya fi jinin damuna. Ya ɗauka zuwa na yi in ƙarasa shi.

Baba Tsoho ya iso yana salati. Ya warware rawaninsa ya yaga, ya danne wuyan. Ya yi masa magana da Dendi, yaren da ake yi a Djougou, bai amsa ba. Ya gwada yaren mutanen wajen, saurayin ya ce wasu kalmomi, ban fahimta ba. Muka ɗaga shi tsakaninmu muna ja, har muka fito wata 'yar hanya, muka hango rufin bukkoki da mata biyu masu ɗauke da itace. Ɗayar ta yar da itacen ta ɗora hannu a ka.

A nan kakana ya juyo gare ni. "Koma bukka. Ka ɗauki kayanka ka bi titi, duk motar kamyon da ta tsaya ka hau ka tafi gida. Kada ka buɗe baki."

"Baba, ni ne na ce..."

"Tafi nake ce maka."

Bai dawo Djougou ba sai bayan kwana uku, ba rawani, ba bindiga. Na same shi a zaure na durƙusa na ce, "Baba, mutumin nan fa?" Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce, "Hannuna ne a kan bindiga, ba naka ba. Kada ka ƙara tambayata." Kafin wata ya ƙare aka ce za a kai ni Parakou wurin gwaggona in ƙarasa lakwal a can. Ba wanda ya gaya mini dalili. Bayan shekara biyu ya rasu, ina nan Parakou, sai bayan an binne shi labari ya zo.

Abin da na sani daga baya guda biyu ne, kuma sun ƙi haɗuwa. Na farko, ina da kusan shekara talatin, ina zaune a wurin karatu, malam ya ce wanda ya kashe rai bisa kuskure zai yi azumin wata biyu a jere. Sai na tuna mahaifiyata ta taɓa cewa a shekarar da na bar gida Baba Tsoho ya yi ta azumi har ya rame, alhali ba watan azumi ba ne. Na je har Djougou na tambaye ta kwana nawa ya yi. Ta ce, "Kai kuwa da tambaya! Lissafi nake yi masa? Tsoho ne, yana son lada." Na biyu, kakata kafin ta rasu ta ce a zaman makokin Baba Tsoho wani baƙo mai ido ɗaya ya zo, ba Musulmi ba, ya ajiye doya a ƙofar zaure ya zauna can gefe, bai yi magana da kowa ba, ya tashi ya tafi. Na tambaye ta wane ido ne, ko yana da tabo a wuya. Ta ce ita ba ta leƙa wuyan maza.

In na tuna azumin sai in ce saurayin ya mutu. In na tuna doyar sai in ce ya rayu. Masu ido ɗaya kuma suna da yawa a duniya, kuma kakana yana da abokai a ƙauyuka. Na tambayi malamai uku ba tare da na ce ni ne ba. Biyu suka ce yaro bai balaga ba, babu komai a kansa. Na ukun ya ce haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. Maganar na ukun ce ta zauna mini. Sau biyu na fara azumin nan na wata biyu, ciwon suga ya karya ni a hanya.

Na koma wajen Pélébina shekaru kaɗan da suka wuce. Ban gane wurin ba. Inda nake zaton rafin yake duk gonakin auduga ne da kaju, wato kashu, an sare kaɗanyoyin, matasan da na tambaya suka ce su ba su taɓa ganin zabon daji ba sai na kasuwa. Da suka ce wa nake nema, sai na rasa abin faɗi, don ko sunansa ban sani ba. Na sha ruwa na hau babur na dawo.

Shi ya sa nake roƙon mai karanta wannan. In kai mutumin wajen ne, ko kana da dangi a ƙauyukan da ke kewaye da Pélébina, ka tambayi tsofaffinku. Maharbi ne mai kwari da baka, yana ɗaura kan burtu, ya iya kiran zabi. An harbe shi a gefen hagu, wuya da kafaɗa da fuska, a farkon damina, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai. Wani tsoho Bahaushe ne ya kawo shi gida, ina kuma zaton ya kwana a wurinsu. In yana raye, yanzu ya haura tamanin. Duk wanda ya san wani abu ya sanar da waɗanda suka buga wannan rubutu, sun san inda nake. In ya mutu a ranar, a gaya mini haka nan, kada a sassauta mini don na tsufa. Zan zo da ƙafata in durƙusa a gabansa ko a gaban 'ya'yansa. Wataƙila duk shekarun nan tsohon suke riƙe da shi a zuciya. Ina so su sani cewa sau biyu ya tambaye ni kafin ya harba, kuma sau biyu na ce na gani.